Majanyin Gimbiyar Japan

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya bar min idon da har yau yake ganin kafar allura.

Jiya 'yar ƙanwata ta zauna a ɗakin ɗinkina tana cin dabino tana kallon hannuna, ta ce da Larabci wai wannan ai aikin kwana biyu ne, mutum ya buɗe waya, ya kalla, ya yanka. Ƙawayenta biyu da suka zo koyo suka gyaɗa kai. Ban tanka ba, don akwai fil a bakina. Amma maganar ta tsaya min a wuya, shi ya sa na ɗauko biro in rubuta muku, ku ukun. Wadda ba ta iya karatun Hausa a cikinku, uwarta ta karanta mata, tunda ji dai kuna ji sarai, amsawar ce take muku nauyi.

Ni dai matar gida ce a unguwar Uhudu a Madina, kuma sana'ata ɗinka kayan mutanen da ba a taɓa haifa ba. Maigidana, da ya yi rayuwarsa yana lodin jakunkunan mahajjata a filin jirgi, telar aljanu yake kirana. Yara kuwa Khala Bilki suke cewa, wato inna.

Ɗinki a wurin Hajja Zara na koya, wata tsohuwa 'yar Cadi da ke zaune kusa da masallacin Ƙiblatain, Allah ya jiƙanta da rahama. Shekarata ta farko ban taka keke ba ko sau ɗaya. Reza ta miƙo min, guda ɗaya da aka raba biyu, ta tura min tulin tsofaffin riguna ta ce in warware. Na warware har yatsuna suka yi kanta. In kin kai mata aiki ba ta kallon gabansa. Sai ta juya shi ta baya, ta juya cikinsa waje, ta kai shi bakin taga. Takan ce, "Gaba na mai riga ne, ita za ta gani a madubi. Baya na tela ne, nan ne mutane suke karanta sunanki." Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta. Da ta sallame ni, abin da ta ba ni almakashi ne mai baƙin mariƙi, da alli, da rabin rezar nan. Duk suna nan a gwangwanin alawa.

Aikin da ya jefa ni cikin wannan harka, Samira ce ta kawo shi, 'yar maƙwabciyata, a lokacin tana da shekara goma sha biyar. Ta shigo da wata takarda mai hoton wasu mutane da aka buga a shagon littattafai, launinta duk ya koɗe, ta ce tana so in ɗinka mata rigar da ke jikin yarinyar tsakiya. Za su yi taron 'yan mata zalla a istiraha, irin gidajen nan da ake haya don walima, kowacce za ta yi shigar wadda take so.

Na ce, "Su waye waɗannan?"

Ta yi min bayani. Wasa ne na Japan, ana jona na'urarsa a talabijin. Wata 'yar makaranta ce ta tsinci kanta a zamanin kakannin kakanninta, zamanin takobi da kwari da baka, ga miyagun aljanu sun addabi gari, ga jarumai suna gadinta. Mai wasa ce take zaɓar abin da yarinyar za ta faɗa, kuma daga maganganun da ta zaɓa ake sanin wanda zai zama nata a ƙarshe. Su dai yaran Gimbiya suke kiranta.

Na ce, "To ina iyayenta? Wa zai karɓi gaisuwa?"

"Khala, wasa ne."

"Su kuma waɗannan 'yan matan masu gashi har gadon baya, ƙawayenta ne?"

"Khala, maza ne. Su ne jaruman."

Na ƙara kai takardar bakin taga. Na ce to Allah mai halitta. A nan na kafa sharaɗina, kuma har yau ban sauya ba: ba na ɗinka wa mace kayan maza, komai tsawon gashinsu, kuma duk rigar da ta fito daga hannuna sai ta sauka har idon sawu.

Sai ga matsala. Hoton ya tsaya ne a ƙugu. Na ce ta kawo wani. Ta kawo goma, duk a ƙugu suka tsaya. Na yafa mayafi na bi ta gidansu, na zauna gaban talabijin tun bayan azahar har aka kira la'asar. Mutanen nan kowannensu tsaye yake a bayan wani akwatin rubutu, kamar masu kanti. Bakinsu ne kawai yake motsi. Ba wanda ya taɓa juyawa. Ko fushi suka yi da juna ba sa ba da baya su tafi kamar 'yan Adam, ɓacewa suke yi. Na tashi ban ga ƙafa ba, ban ga baya ba.

Ƙasa ba ta dame ni ba, tunda dama na yanke hukunci a kanta. Baya ne abin tunani. Na zauna na yi nazari irin namu na mata. A gaban rigar akwai wani ƙyalle mai faɗi, ja, an ɗaure shi tamau a ƙarƙashin ƙirji. Ni kuwa tun da na yi wayo, a gidan kakata da gidan kowace Bahaushiya a garin nan, ƙyalle mai faɗi a wannan wuri aikinsa ɗaya ne. Majanyi ne. Goyo ake tarewa da shi. Na ce Allah sarki, ashe su ma sun san tarbiyya, tun yarinya ba ta yi aure ba suna koya mata ɗaurin. Sai na yanka ƙyallen, na zagayo da shi baya, na yi masa mazauni mai zurfi, na sa masa shafi biyu don ya ɗauki nauyi, na bi bakinsa da zare mai ruwan zinare.

Ranar gwaji Samira ta tsaya gaban madubi, ta juya, ta leƙa ta kafaɗa.

"Khala, haka bayan yake?"

Da na ce ban sani ba, da wannan takarda ba ta da dalili. Amma ina da almakashin Hajja Zara a hannu da sabon suna a unguwa. Na ce, "Haka yake mana."

Kalma uku. Ku ƙirga.

Daga wannan taro aiki ya buɗe. Wasan kuma ashe ba guda ɗaya ba ne, haihuwa yake yi. Ni ban taɓa riƙe abin latsa wasan ba, amma ku tambaye ni tarihinsa, zan ba ku shi da yadi. Na biyu ya koma fada, inda mata suke jibga riga a kan riga, launi a kan launi. Wata ta ce lallai sai an yi mata duka yadda suke. Na ce, "'Yar nan, a Madina kike, kuma watan zafi ne. So kike a yi miki salla?" Dabarar da na yi, riga ɗaya ce, sai na jera siraran ƙyallaye a wuya da bakin hannu, mai kallo ya rantse bakwai ce. Kwana huɗu nake yi a kan wuya kaɗai, don in launi ɗaya ya haura ɗan'uwansa da faɗin ƙwayar shinkafa, za su gani. Yaran nan da ba sa ganin kwanukan wanke-wanke a gabansu.

Na uku yaƙi ne, har Gimbiya ta sa sulke. Na gwada kwalin dabino, ya yi laushi da gumi. Na gwada farantin roba, ya tsage. A ƙarshe bangon fayil ɗin makaranta ne ya yi, irin mai tauri, na yanka shi falle-falle, na huda da ƙusa mai zafi, na saƙa da igiyar labule. Maigidana ya dawo aiki ya tarar da ni ina huda roba, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Bilki, in yaƙi za a yi ki gaya min in nemi hutu."

Bayan nan wasan ya bar talabijin ya koma wata 'yar na'ura ta hannu, jaruman suka samu murya. A wannan zamanin ne ake zuwa min awo da jajayen idanu, wai wani mai farin gashi ya mutu. Nakan ce inna lillahi, in miƙa ruwa, sai a ce min ba komai, za a sake daga farko a cece shi. Akwai kuma wanda aka yi a zamanin jirgin ƙasa, rigunansa da maɓallai kamar ƙasa. Mai yadin da nake saye a wurinsa har ya saba, da ya hango ni sai ya ce, "Hajiya, bana wace gimbiya ce?"

Gimbiya takan sauya, zamani yakan sauya, amma majanyi yana nan. Duk rigar da na ɗinka sai na sa shi. Kuma ya yi amfani. In sun isa istiraha, kowacce ta cire abayarta ta naɗe ta cusa a ciki. Wata ta ƙara da gorar ruwa, wata sambusa a leda. Da suka fara aure, akwai wadda ta sa jaririnta na gaske, ya yi barcinsa har aka tashi. Sabbin yara suka taso suka tarar da abin a haka. Ba wadda ta sake tambayata.

Yanzu ga mummunar shekara. Samira ta yi aure tuntuni, ta haifi 'yarta Lujain, yarinyar ta kai sha huɗu ta gaji ciwon uwarta. Masu wasan suka sabunta na farkon, suka fito da shi a waya, mutanen ciki suka samu jiki cikakke, ana sa yatsa a juya su kamar kaza a gashi. Labarin bai iso ɗakina ba. Lujain ma ba ta samu sabon ba tukuna. Ta zo na ɗinka mata rigar Gimbiya ta farko, irin ta uwarta sak, na ma ƙara wa majanyin ado. Ta tafi da ita babban taron mata a Jidda, inda ake zaɓen wadda shigarta ta fi dacewa.

Abin da ya faru, uwarta ce ta ba ni labari. Lujain ta hau, ta juya. Wata 'yar Jidda ta ɗaga murya ta ce, "Mabruk, barka! Watansa nawa? Wanne ne uban a cikin jaruman?" Ɗaki ya ɗauki dariya. Yarinyar ba ta sauko ba. Ta tsaya ta ce haka bayan yake, su ne ba su sani ba. Aka ce wa ya gaya mata? Ta ce, "Khala Bilki ce ta faɗa, kuma Khala Bilki ba ta ƙarya." Sai aka miƙo mata waya, aka sa yatsa aka juya Gimbiya a gaban idonta.

Labari ya bazu, aiki ya tsaya cak. Yara suka gano ana sayen kayan a ɗinke ta waya, a kawo har ƙofa, yadi kamar ledar burodi amma bayansa daidai. Na koma kalmasa labule da rage tsawon jallabiya. Wannan bai hana ni cin tuwo ba. Abin da ya tsaya min shi ne Lujain. Yarinyar da take shigowa ba sallama ta buɗe min firji, ta koma in mun haɗu a bakin masallaci sai ta yi sallama ta dubi takalminta. Ta tsaya a gaban mutane ta jingina da maganata, maganar ta karye da ita. Kuma ni na san ranar da za a tambaye ni kalma ukun nan, ba za a karɓi cewa wasa ne ba.

Sai na ɗauki rabin rezar Hajja Zara na sa a jaka, na shiga bin gidaje. Duk wadda na taɓa ɗinka wa, in je in faɗa mata gaskiya, in nemi gafara, in warware majanyin in ta yarda. Ku da kuke cewa sana'a sauƙi gare ta, ku gwada neman gimbiyoyin shekara ashirin. Ta farko na same ta da 'ya'ya biyar, surukarta na zaune a falo. Ina cewa "rigar nan ta Japan" ta zaro ido ta ja ni kicin.

"Khala, don girman Allah ki rage murya. Hajiya ta ɗauka kayan ɗinkin makaranta ne a akwatin."

"Na zo ne in gaya miki bayan nan ba haka yake ba."

"Na yafe, na yafe duniya da lahira. Ga shayi. Ki sha ki yi maganar tsadar tumatir."

Wata ta ce ta yafe amma ba za a taɓa mata riga ba, don a majanyin take ɓoye alawa saboda yara. Wata malamar makaranta ce yanzu, ta saurare ni da nutsuwa har na gama, ta ce za ta ba ɗalibanta labarin a darasin gaskiya, ba za ta faɗi suna ba, za ta ce wata tela ce a Uhudu mai tabo a haɓa.

Gidan Samira na bari a ƙarshe. Na zauna na fara jawabin da na haddace. Ban kai rabi ba ta kifa kai a matashi, kafaɗunta na rawa. Na zaci kuka take.

"Khala, ai mun sani."

"Kun san me?"

"Tun shekarar farko. Wata ta samo littafin hotunansu, muka gani. Ɗauri ne kawai."

"Shi ne ba wadda ta faɗa min?"

"Wa zai faɗa miki? Kina ta murna kina cewa Japanawa sun san tarbiyya. Kuma fisabilillahi, a ina za mu sa abaya?"

Na ce, "To ita 'yarki fa? Kika bar ta ta tafi Jidda da shi?"

Nan dariyar ta tsaya. Ta ce, "Wallahi Khala, abin ya daɗe har na manta ba gaskiya ba ne."

Lujain tana ɗaki, ta ƙi fitowa. Na je bakin ƙofar na yi magana da katako. Na ce, "Lujain, ni ce. Uwarki ta tambaye ni tun ba a haife ki ba, ban sani ba, na ce na sani. Ke ba ki yi ƙarya a Jidda ba, tawa kika ɗauka. Ki yafe min." Na ajiye rezar a bakin ƙofa, na ce in ta ga dama ta warware da hannunta, na tafi.

Sai da aka yi wata biyu. Ranar wata Alhamis bayan la'asar ina kalmasa labule, na ji an buɗe firji. Ta shigo da rigar a leda, ta ajiye min rezata a kan keke, ta miƙo waya, fuska ba walwala. Da Larabci ta ce, "Ki juya ta da kanki."

Na sa yatsa. Shekara ashirin ina yi wa baiwar Allahn nan sutura, ranar na fara ganin ƙeyarta. Ɗauri ne babba kamar malam-buɗe-littafi, fukafukai biyu a tsaye, jela biyu a sake. Na kai wayar bakin taga. Na ce ta ƙara girmansa. Wanda ya zana abin nan ya san yadi, don har inda ƙyallen ya karye a ƙarƙashin ƙulli ya nuna. Sau uku ina yi ina warwarewa. Na farko ya faɗi kamar kunnen akuya. Na biyu na cika masa sitati ya tsaya kamar allon talla. A na uku na tuna bangon fayil, na yanka siriri na zura a cikin fukafukan, suka tashi.

Ranar gwaji ta cire abayarta ta naɗe, ta sa rigar, ta tsaya gaban madubin da uwarta ta tsaya. Ta juya, ta leƙa ta kafaɗa, ta duba waya, ta sake leƙawa. Sai ta ɗauki abayar, hannunta ya tafi baya da kansa, ya yi karo da ɗauri. Ta tsaya da abaya a hannu tana dube-dube.

"Khala, ita Gimbiya a ina take sa tata?"

Bakina ya buɗe. Wallahi amsa ta riga ta taho, mai kyau, har da dalili. Na haɗiye ta. Na ce, "Ban sani ba. Ban gani ba."

Ta dube ni ta cikin madubi. Sai ta fashe da dariya har fukafukan suna rawa. Kuma da Hausa, Hausar da ban taɓa jin ta haɗa jimla guda da ita ba, ta ce, "To ki sa min aljihun daga ciki, inda ba a gani."

Na ce, "In aka gano aka tambaye ki fa?"

"Sai in ce na Khala Bilki ne. Ba na Japan ba."

Haka nake yinsa har yau, a ƙarƙashin ɗauri, da ɗan zif. Masu saye ta waya da yawa sun dawo, don rigar leda ba ta da wurin abaya.

Saboda haka ku ukun nan, gobe in Allah ya kai mu ku zo bayan la'asar. Kada wadda ta taɓa min keke. Na raba reza, na tara muku tsofaffin riguna a kwando. Wadda kuma ta kawo min hoto, ta juya min shi tukuna. In bai juyuwa, akwai kalma uku da za ku koya kafin ku riƙe almakashi, kuma ba waɗanda na faɗa wa Samira ba ne.